Minti na Goma Sha Bakwai

Mushe Ciroma ya ba ni na'ura da kaye,
ya ce, "Tafi Garin Malam, ki zauna a fada.
Kada ki gyara wa kowa baki.
Abin da kunne ya ji, shi hannu zai rubuta."

Na tafi. Benci biyu, buta kan gawayi,
samari tara, babura uku a jingine.
Da suka ga jan idon na'ura
sai kowa ya zama ɗan gidan rediyo,
Hausa wankakkiya, ta sha guga.
Kwana huɗu ina shan shayi a banza.

Ran na biyar suka manta da ni.

A nan na ji kuɗi sun koma ruwa,
don a garin nan duka biyun sai an yi layi.
"Pampo ya yi tari," wato an biya wani.
"Bido ya fashe," wato yarinya ta ƙi.
Su tare kalmar Faransanci a hanya,
su murɗe mata wuya, su ɗaura mata zane,
ta fito da jam'inta, tana taku
kamar a Birni aka binne cibiyarta.

Mutari ne maƙerinsu,
siriri, da karyayyen haƙori a gaba,
iska na bi ta gurbin ta ƙara wa sin ɗinsa fito.
Ya juya kalma ciki ya koma baya
kafin kumfa ta kwanta a kofi.
Na tambaye shi ina dokar abin.
Ya ce, "Malama, doka ɗaya ce tak:
ran da tsohuwata ta gane, kalma ta mutu."

Da dare a ɗakin jami'a
nakan yanka maganarsu ƙanana-ƙanana,
in shimfiɗa ta kan gilashi kamar kilishi.
Ga ƙa, maƙogwaro ya rufe ƙofa,
shiru ɗan mitsitsi, sannan ta fashe.
Na auna shirun. Yana da tsawo, yana da lamba.
Ga kuka: in murya ta sauko a ƙarshe, itace ne,
in ta tsaya a sama, hawaye.

Damina ta wuce. Na koma da tambayoyi,
na tarar benci ɗaya an jingine shi a bango.
Mutari ya bi motar Jado neman zinariya.
Wata takwas, wayarsa ba ta shiga.
Pampo ma ya daina tari a bakin yara,
wani abu suke cewa yanzu, ban san shi ba.

Ranar wata Laraba Inna Zuwera ta aiko.
An ce mata muryar ɗanta tana hannuna.
Na same ta tana tsince yakuwa a faifai,
ta goge hannu a zane kafin ta taɓa na'urar.

Minti na goma sha bakwai.
Ƙarar cokali, wani babur ya wuce,
sai ga fiton nan ta gurbin haƙori,
kalma huɗu, fada ta kwashe da dariya,
shi bai yi ba.

Ta ce, "Me ya ce?"

Na sani. Shafi na sittin, layi na uku,
na sa wa kowace gaɓa alamar hawa da sauka.
Na dubi faifan, na dubi ƙafata.
Na ce, "Inna, bincike bai kai nan ba."

Ta daɗe tana kallona.
Ta ce, "To, bar shi. Mayar da shi baya."
Na mayar. Sau shida, har aka kira magariba.

A kundin da na miƙa, gurbin ma'ana fari ne.
Mushe ya zagaye shi da jan bik,
ya rubuta a gefe: "A cike."
Ban cike ba.